Alherin Allah Ba Na Sabbin Tuba Kaɗai Ba Ne

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ku kasa kunne da kyau a lokacin ba da shaida a majami'unmu na nan Jos, ko a Tudun Wada ne, ko Kabong, ko Anguwan Rukuba. Kusan duk shaidar da ta taɓo zunubi da "a dā" take farawa. A dā ni mashayi ne, ba na wuce gidan burkutu. A dā ina bin bokaye. A dā ba na kwana a gida. Sai a tafa, a ce Halleluya, kuma ya dace a tafa, tunda mala'ikun Allah ma suna murna a kan mai zunubi ɗaya da ya tuba (Luka 15:10). Amma yaushe rabonku da ku ga dattijon ikilisiya, ko shugabar Zumuntar Mata, ko shugaban mawaƙa, ya miƙe ya ce, "A makon nan na yi hassadar ɗan'uwana, ku taya ni da addu'a"? Mun mai da zunubi tsohon labari. Alheri kuma mun ɗauke shi abin da ake buƙata ranar tuba kawai, daga nan kowa ya ci gaba da ƙarfin tuwonsa.

Manzo Yahaya ba masu bautar gumaka ya rubuta wa wasiƙarsa ta fari ba. Masu bi ya rubuta wa, yana kiran su 'ya'yansa, ya kuma sa kansa a ciki: in mun ce ba mu da zunubi, ruɗin kanmu muke yi, gaskiya kuwa ba ta cikinmu (1 Yahaya 1:8). Bulus ma haka. Bayan ya kafa ikilisiyoyi daga Galatiya har Makidoniya, ya sha bulala da kurkuku saboda bishara, da ya zo gaya wa Timoti cewa Almasihu Yesu ya shigo duniya domin ceton masu zunubi, sai ya ƙara da cewa shi ne babbansu (1 Timoti 1:15). Mutumin da ya yi wannan irin aiki ke nan. To mu fa, da kuɗin zumunta ma sai ma'aji ta yi ta bin mu?

Matsalarmu ita ce mun kasa zunubi kashi biyu, na kunya da na mutunci. Yarinya ta yi ciki kafin aure, ba a ɓata lokaci, an sanar a gaban taro, an sa ta a horo, ta koma bencin baya. Ba na cewa a soke horo, Littafi Mai Tsarki ya san da shi. Amma ku duba jerin da Yesu ya kawo a Markus 7:21-22 na abubuwan da ke fitowa daga zuciyar mutum. Fasikanci na ciki, sata da kisankai na ciki, amma a jere ɗaya da su akwai kwaɗayi, da ha'inci, da hassada, da ɓata suna, da girmankai. Wa aka taɓa kai wa bencin baya saboda girmankai? Mai sayar da hatsi da ta bubbuge gindin mudunta don ya rage ci, ranar Lahadi tana sahun gaba da ɗankwalin zumunta. Mai buhun dankali a Farin Gada da ya jera manya a sama ya cusa ruɓaɓɓu a tsakiya, shi ke karɓar baiko. Ma'aikacin da ya danne takardun fanshon wani tsoho har sai an ba shi na goro, shi ke jan addu'ar safe a ofis. Uwar gida da ta ɗauko 'yar dangi daga ƙauye da alkawarin makaranta, ta mai da ita baiwa, ita ce ke fara girgiza kai idan aka kira sunan waccan yarinya mai cikin. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai wani labari da nake so mu tsaya a kansa, domin kamar da mu aka rubuta shi. Yana cikin Galatiyawa 2:11-14. Bitrus ne, ba wani sabon tuba ba. Shi ne ya yi wa'azi ranar Fentikos har mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma. Shi ne Allah ya nuna wa wahayi a Yafa, ya ce masa kada ya kira abin da Allah ya tsarkake mai ƙazanta, ya tura shi gidan Karniliyus, sojan Roma, ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa al'ummai da idonsa. Wannan Bitrus ɗin ya je Antakiya, yana cin abinci kwano ɗaya da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, lafiya lau. Da wasu mutane suka iso daga wurin Yakubu, jagoran ikilisiyar Urushalima, sai ya fara janye jiki, ya ware kansa, don tsoron abin da 'yan gida za su ce. Sauran Yahudawa suka bi sahunsa, har Barnaba, mutumin kirki irin Barnaba, ya faɗa ciki. Sai da Bulus ya tsaya masa ido da ido a gaban kowa, ya kira abin da sunansa: munafunci.

Bitrus bai sha giya ba, bai taɓa matar kowa ba. Wurin zama kawai ya sake a lokacin cin abinci. Amma Bulus ya ce hakan ya saɓa wa gaskiyar bishara. Yanzu mu dawo gida. Lokacin zaɓen dattawa, da wane ma'auni muke kaɗa ƙuri'a, da halin mutum ko da yarensa? Idan aka turo sabon fasto, tambayar farko da ake yi a ƙofar majami'a ita ce, "Ɗan ina ne?" Samari nawa da 'yan mata, dukansu masu bi, aka hana aure don ɗaya Berom ne ɗaya Ngas, ko ɗaya Mwaghavul ɗaya Tarok? Muna raira waƙar ɗayantaka daga littafin waƙoƙi guda, mu fita waje mu rabu gida-gida. In manzo da ya yi tafiya da Yesu ƙafa da ƙafa ya iya zamewa a nan bayan shekaru yana hidima, wane ne ni, wane ne kai?

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Garin nan ya ga jini a Satumban 2001, ya gani a Nuwamban 2008, ya sake gani a Janairun 2010, ƙauyukanmu kuma har yanzu ba su huta ba. Akwai masu karanta wannan da suka binne nasu, akwai waɗanda suka bar gidan da suka gina da guminsu suka koma haya a wata unguwa. Ba na raina wannan ciwo, kuma neman adalci ba zunubi ba ne. Amma zaluncin da aka yi maka bai mai da zuciyarka tsarkakakkiya ba. Abin da muke faɗa a ɗaka a kan maƙwabtanmu Musulmi, abin da muke koya wa yaranmu da bakinmu, daɗin da wani ke ji a ɓoye idan masifa ta faɗa wa ɗaya ɓangaren, duk Allah na ji yana gani. Yesu ya ce mu ƙaunaci magabtanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a (Matiyu 5:44). Duk wanda ya gwada yin wannan da gaske ya san ba ya cikin ikon ɗan Adam. A nan ne mai shekara talatin da baftisma zai gane yana buƙatar alheri yau fiye da ranar da aka tsoma shi a ruwa.

Irmiya ya ce zuciya ta fi kome rikici, wa zai san ta? (17:9). Mu mutanen Filato mun san tafkunan da haƙar kuza ta bari a wajajen Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi. Daga baki ruwan kwance yake, shiru, har da ban sha'awa, amma ba mai gane zurfinsa da ido, kuma ya ci mutanen da suka ɗauka sun iya iyo. Wanda ya ce ya gama sanin zuciyarsa, bakin ruwan kawai ya gani.

Gardama a kan ko mutum zai iya yin nagarta da ƙarfin kansa ba yau ta fara ba, kuma a nahiyar Afirka aka yanke ta. Wani malami mai suna Felajiyus, mutumin Birtaniya da ya zauna a Roma, ya koyar cewa mutum na iya kiyaye dokar Allah da ƙudurin kansa, zunubin Adamu kuma mugun misali ne kawai, ba abin da muka gāda ba. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, ya tsaya ya ce a'a, ko nufin yin nagarta ma sai Allah ya ba mutum. A shekara ta 418 taron bishop-bishop a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, ya yi watsi da koyarwar Felajiyus. Amma koyarwar ba ta mutu ba, don tana yi wa kunne daɗi. Duk sa'ad da ka ji wa'azin da kansa da gindinsa "ka ƙara ƙoƙari" ne, babu gicciye a ciki, ita ce ta dawo da sabuwar riga. Ƙanwarta kuma ita ce wadda ke cewa ka shuka iri da kuɗi kaza, sama ta buɗe maka. Siman mai sihiri ya taɓa miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, amsar da Bitrus ya ba shi tana Ayyukan Manzanni 8:20, ba ta da daɗin ji. Zakka da baiko da azumi duk abubuwa ne masu kyau, amma ba kuɗin fansa ba ne. Ta wurin alheri aka cece ku, ta wurin bangaskiya, ba yin kanku ba ne, baiwar Allah ce, ba ta ayyuka ba, kada kowa ya yi fahariya (Afisawa 2:8-9).

Na san wani zai ce, to ai ka buɗe wa yara ƙofa, kowa ya yi abin da ya ga dama tunda akwai gafara. Bulus da kansa ya kawo wannan tambaya tun kafin a haifi kakanninmu, ya ce sam, faufau (Romawa 6:1-2). Alherin da ke ceto shi ne kuma ke koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya (Titus 2:11-12). Ku lura da Zakiyus, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu bai ce masa ya je ya gyara lissafinsa tukuna ba, ya ce yau a gidansa zai sauka. Bayan haka ne mutumin ya miƙe da kansa ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Saboda haka mai mudu ta sake mudu, mai riƙe da takardun tsohon nan ya sa hannu, uwar gida ta kai yarinyar makaranta. In shekaru sun wuce babu ko ɗaya daga cikin irin wannan, sai mutum ya binciki abin da ya karɓa.

Saura ke da kai da kuka daina zuwa sujada don kunya. Kun faɗi, gari ya ji, kuna ganin ƙofa ta rufe. Dawuda ya ɗauki matar Uriya Bahitte, ya shirya yadda za a kashe mijin a bakin dāga, ya yi shiru har sai da annabi Natan ya ce masa, "Kai ne mutumin." Zabura 51 daga wannan rami ta fito, ku buɗe ta ku yi addu'a da ita layi-layi, ku ambaci laifin da sunansa. Sakamakon abin da ya yi ya bi gidansa, amma Allah bai yar da shi ba. In mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana, ya tsarkake mu daga dukan rashin adalci (1 Yahaya 1:9).

Ku kuma iyayenmu dattawa da fastoci, da girmamawa nake roƙonku. Mutumin da ikilisiyar Koranti ta hora, Bulus da kansa ya rubuta ya ce horon ya isa, a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8). Ku ɗauko littafin ikilisiya ku duba sunayen waɗanda aka sa a horo. Wasu sun shekara biyu, uku, ba wanda ya taka ƙofar gidansu ko sau ɗaya, wasu ma sun bar garin ba a sani ba. A raba sunayen a taron dattawa mai zuwa, kowa ya ɗauki nasa ya je.