Ɗaliban da suka yi arziki da kartar foka, da waɗanda suka biya kuɗin

Duk inda masoya kartar foka suka zauna hira, ko a Amurka ne ko a Turai, ba a daɗewa zance yake komawa kan wasu sunaye ƙalilan da kowa ya haddace. Wani zai tuno yaron da ya fara da dala 50 har ya kai ga zuba miliyoyi a tebur, wani ya kawo labarin yarinyar Norway da ta ci gasa kusan ba tare da ta duba kartar hannunta ba, wani kuma ya ɗora da na ɗalibin da ya tashi da dala miliyan 4 a dare guda. Yawancin labaran nan gaskiya ne, an rubuta su, akwai shaidu. Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake ba da su, domin ana yanke musu kai da ƙafa, a bar tsakiyar da ke da daɗin ji, sannan a miƙa wa matashin da ke ganin kansa mai kaifin lissafi kamar hanya ce da har yanzu take a buɗe.

Ga wanda bai san wasan ba, nau'in da ya fi shahara shi ne Texas Hold'em. Ana ba kowane ɗan wasa karta biyu a kife, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya a buɗe, uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya, kuma a kowane mataki mutum yana iya ƙara kuɗi, ko ya bi abin da aka zuba, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura. Ana ci ta hanya biyu, ko dai kartarka ta fi ta kowa, ko ka yi wa abokan wasa burga har su janye alhali babu komai a hannunka. Wannan hanya ta biyu ce ta raba foka da sauran nau'o'in caca, kuma a kanta ne masoyanta suke kafa hujjarsu cewa wasan gwaninta ne ba na sa'a ba. A 2012 wani alƙalin kotun tarayya a New York, Jack Weinstein, ya yarda da su cewa gwaninta ta rinjayi sa'a a foka, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a shekarar da ta biyo baya bisa wani dalili na doka.

Ni ma na yarda akwai gwaninta, kuma wanda ya musa haka bai kalli abin da ya faru a gidan cacar Binion's Horseshoe na Las Vegas a 2003 ba. Chris Moneymaker, akawu ɗan shekara 27 daga jihar Tennessee, ya sami kujera a babbar gasar duniya ta World Series of Poker ne ta wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars da kuɗin shigarta bai kai dala 100 ba, alhali kuɗin kujerar dala 10,000 ne. Mutum 839 suka shiga, aka yi ta zubewa har ya rage shi da Sam Farha, tsohon hannu mai wasa da taba a baki ba tare da ya kunna ta ba. A wani zagaye Farha yana da tara biyu, ɗaya a hannunsa ɗaya a tebur, waɗanda suka isa su ci, Moneymaker kuwa ba shi da komai sai sarki guda, amma ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar tebur, ya yi shiru bayan baƙin tabarau da hular hana-sallah. Farha ya daɗe yana juya abin a ransa, ya yi ƙoƙarin jan sa da magana, daga bisani ya ajiye kartarsa. Ba a jima ba akawun ya tashi da dala miliyan 2.5.

Da a ce shekara goma kafin nan aka yi wannan wasa, da babu wanda zai san cewa burga ce, amma a lokacin an riga an fara sa ƙananan kyamarori a jikin tebur da ke nuna wa masu kallon talabijin kartar da kowa ya ɓoye. Miliyoyin mutane suka ga akawu ya rusa ƙwararre da hannu wofi, kowa ya ce ai ni ma zan iya. A 2004 mutum 2,576 suka shiga gasar, a 2005 suka kai 5,619, a 2006 kuma 8,773, shekarar da Jamie Gold ya ci dala miliyan 12.

Ɗalibai ne suka fi cin moriyar wannan ambaliya, kuma dalilin a fili yake. Suna da intanet mai sauri a ɗakunan kwanansu, suna da lokaci, ba su da iyali, kuma ba sa tsoron lissafi. A tebur na zahiri da wuya a raba karta fiye da sau 30 a awa guda, a intanet kuwa tebur ɗaya yana ninka wannan, ga shi kuma mutum yana iya buɗe tebura takwas ko goma a fuskar kwamfuta lokaci guda, yana amfani da manhajar da ke tara masa bayanan yadda kowane abokin wasa yake zuba kuɗi. Saboda haka yaro ɗan shekara 20 yana iya ganin hannuwan karta, wato zagayen wasa, a cikin shekara biyu da suka fi waɗanda dattijon Las Vegas ya gani a tsawon rayuwarsa. Tom Dwan na jihar New Jersey, wanda aka fi sani da laƙabin durrrr, shi ne na dala 50 ɗin nan. Ya fara yana ɗan shekara 17, ya shiga Jami'ar Boston, ya bar ta bayan shekara guda. Annette Obrestad, yarinyar Norway ɗin nan, ta fara ne tana 'yar shekara 15 da gasannin da ba a biyan kuɗin shiga, kuma a Satumban 2007 ta ci fam miliyan 1 a gasar World Series ta Turai a Landan ana gobe za ta cika shekara 19, wato a shekarun da doka ba za ta bar ta ta zauna a teburin caca a Las Vegas ba, inda sai mutum ya kai 21.

Labarin da ya fi nuna abin da nake nufi shi ne na Brian Hastings, ɗalibin Jami'ar Cornell, wanda a Disamban 2009 ya cinye wa wani mai laƙabin Isildur1 kimanin dala miliyan 4.2 a zama ɗaya a shafin Full Tilt Poker. A nan masu hira suke tsayawa. Ba kasafai suke ƙarawa da cewa wanda aka cinye ɗin shi ma yaro ne, Viktor Blom ɗan Sweden mai shekara 19, wanda makonni kaɗan kafin nan shi ne gwarzon da ake ba da labarinsa domin ya karɓe miliyoyi daga hannun Dwan. Ba sa kuma son tuna cewa Hastings da bakinsa ya faɗa a wata hira cewa shi da abokansa sun yi nazarin tarin hannuwan da Blom ya buga a baya, abin da ya sa shafin ya dakatar da ɗaya daga cikinsu, Brian Townsend, na wata guda daga matsayinsa na ƙwararren kamfanin. Wato ba ɗalibi ɗaya ba ne ya zauna da basirarsa ya ci duniya. Gungun ƙwararru ne masu jari da bayanai suka yi wa yaro ɗaya taron dangi. Haka nan Joe Cada, wanda ya ci babbar gasar 2009 yana ɗan shekara 21, ana ambaton dala miliyan 8.5 da ya samu, amma a manta cewa wasu ne suka biya masa kuɗin shiga bisa sharaɗin za a raba abin da ya ci biyu.

Sai kuma waɗanda ba su shiga hirar kwata-kwata. A Disamban 2005 wani ɗalibin Jami'ar Lehigh da ke jihar Pennsylvania, ɗan limamin coci, wanda shi ne shugaban ajinsu, ya shiga banki ya miƙa wa mai karɓar kuɗi takarda cewa yana ɗauke da bindiga, ya fita da abin da bai kai dala 3,000 ba domin ya biya bashin da foka ta intanet ta jefa shi. An kama shi a ranar, ya kuma yi zaman gidan yari. Shi ma ya kalli Moneymaker a talabijin, shi ma yana da kwamfuta a ɗaki, kuma babu wata alama cewa ya fi Dwan ƙarancin ƙwaƙwalwa.

Lissafin wasan da kansa shi ne yake tabbatar da cewa irinsa sun fi yawa. Foka ba ta haifar da kuɗi, tana ɗauke shi ne daga aljihun wani zuwa na wani, kuma kafin ya isa sai mai gidan ya cire la'adarsa, wadda a ƙananan tebura takan kai kashi 5 cikin 100 na abin da aka tara a kowane zagaye har zuwa wani ƙayyadadden adadi. A gasa kuwa ana cire la'adar tun daga kuɗin shiga, sannan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne kawai suke samun wani abu. Ma'anar wannan ita ce bai isa mutum ya iya wasa ba, bai ma isa ya fi matsakaicin ɗan wasa ba. Sai ya fi abokan teburinsa da tazarar da ta zarce abin da mai gida yake cirewa, kuma ya kasance yana da jarin da zai jure watannin da karta take juya wa ko da ƙwararre baya. Gwanintar da ake taƙama da ita ta zama ita ce tarkon, domin mai buga lambar caca ya san sa'a yake nema, amma ɗalibin da ya yi asara a foka yana gaya wa kansa cewa saura kaɗan ya ƙware, sai ya sake zuba kuɗin makaranta.

Ko mai gidan ma ba koyaushe yake tsayawa a kan la'adarsa ba. A 2007 'yan wasa da kansu suka gano, ta hanyar bin diddigin bayanan wasanni, cewa wani na cikin kamfanin Absolute Poker yana ganin kartar kowa, a 2008 kuma aka bankaɗo irin wannan a UltimateBet, inda hukumar da ke ba su lasisi ta ɗora babban alhakin a kan Russ Hamilton, zakaran gasar duniya ta 1994. Mafi muni ya zo ne bayan 15 ga Afrilun 2011, ranar da hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin intanet na PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker. Masu gabatar da ƙara sun ce Full Tilt yana riƙe da bashin kimanin dala miliyan 390 na 'yan wasa alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba, domin an yi ta raba wa masu kamfanin kuɗin mutane a matsayin riba. Sai da PokerStars ya yi sulhu da gwamnati a 2012 a kan dala miliyan 731, ya saye Full Tilt, sannan aka fara mayar wa mutane haƙƙinsu, kuma 'yan Amurka sun jira har 2014 kafin su fara gani. Ɗaliban da suka bar karatu domin sun tara dubban daloli a waɗannan asusu sun wayi gari babu digiri, babu jari, wasunsu suka yi ƙaura zuwa Kanada ko Meziko domin su ci gaba da wasa.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da na fi ɗauka da muhimmanci, wato cewa kusan duk tatsuniyoyin ɗaliban nan sun fito ne daga ɗan gajeren lokaci, tsakanin 2003 da 2011, lokacin da sababbin shiga marasa sanin komai suka cika tebura, waɗanda suka ɗan yi karatun wasan kuwa ba su da yawa. Kamar kasuwa ce da ta ci sau ɗaya ta watse, amma har yau ana nuna wa baƙo rumfunan ana ba shi labarin cinikin da aka yi. Tun daga dokar Amurka ta 2006 da ta hana bankuna tura kuɗi zuwa shafukan caca ruwan ya fara janyewa, daga baya kuma na'ura ta shigo. A 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a hannuwa 120,000 cikin kwana 20 a Pittsburgh, a 2019 kuma Pluribus ta yi nasara a teburin mutum shida. Yau duk mai ɗan kuɗi yana iya sayen manhajar da ke nuna masa abin da ya fi dacewa ya yi a kowane hali, kuma ɗaya daga cikin ayyukan shafukan shi ne farautar masu amfani da ita a ɓoye ana cikin wasa. Sabon shiga na yau yana zama ne da mutanen da suka yi shekaru suna haddace amsoshin na'ura.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan matsalar Turawa ce, mu kuwa hukuncin caca a wurinmu a bayyane yake tun daga aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Haka ne, amma wayar da ke aljihun ɗalibinmu ba ta tambayar garin da yake, kuma salon tallan da ake yi wa matasanmu na cacar ƙwallo shi ne dai wannan, a nuna takardar mutum ɗaya da ya ci miliyoyi, a kira shi mai nazari, a yi shiru game da sauran.

Masu kare wasan za su ce har yanzu akwai masu cin abinci da shi, kuma gasar duniya ba ta taɓa cika kamar a 'yan shekarun nan ba. Duka biyun gaskiya ne. A 2024 mutum 10,112 suka biya dala 10,000 kowannensu suka zauna a babbar gasar Las Vegas, adadin da ya zarce na 2006, kuma Jonathan Tamayo na jihar Texas ya tafi da dala miliyan 10. Kimanin mutum 1,500 ne suka sami wani abu daga cikin kuɗin, galibinsu abin da bai ninka kuɗin shigarsu sau uku ba kafin a cire haraji da kuɗin jirgi da na masauki da rabon waɗanda suka ɗauki nauyinsu, sauran fiye da 8,500 kuma suka koma gida ba tare da ko dala ɗaya ba.