Kifi ɗaya ne, wai

Wanda ya tura bidiyon nan na abin kunyar da na yi a jirgin ruwa zuwa gurup ɗinmu, ban yafe ba. Kun dai san shi.

Shi ya ja mu garin Oban a watan Yuli, wai a yammacin Sikotlan, wajen tsibiran Coll da Tiree, ake ganin wani ƙaton kifi, shak mai shan hantsi. Muka hau ƙaramin jirgin ruwa, sanyi na ratsa ƙashi, wai kuma lokacin zafinsu ke nan.

Ina jingine a gefe sai ga abubuwa uku baƙaƙe sun ɓullo a jere, sun nufo mu. Na kwarma ihu da Hausa, "Uku ne! Wallahi uku!" Sai na hango bakin a ƙarƙashin ruwa, a wangame, ya kai mita 1 a faɗi, ga wasu tsagogi sun kusa zagaye wuyan. Jama'a, ƙafafuna suka ƙi ni. Na ja da baya, na harɗe da igiya, na zauna daɓas cikin bokiti. Ina salati da ƙarfi, hannuna biyu rungume da ƙafar wani Bature da ban taɓa gani ba. Shi ma bawan Allah bai motsa ba, ya dai ce in yi hankali da kyamararsa.

Mai jirgin ya bari sai da aka zaro ni sannan ya ce kifi ɗaya ne: hanci, fiffiken baya, da jela. Shi ne na biyu a girma cikin kifayen duniya, yakan kai mita 8, amma haƙoransa mitsi-mitsi ne, ruwa kawai yake tacewa ya haɗiye ƙananan halittu. Da can ma mutane ne ke farautarsa don man hantarsa, da shi suke kunna fitila, sai a 1998 Birtaniya ta hana.

Duk wannan bai ƙona min rai ba kamar wata tsohuwa mai kofin shayi. Ko ɗigo bai zube mata ba. Ta zo ta shafa min kai, ni da gemuna, ta miƙo min biskit, ta ce jikarta ma ta yi iyo kusa da su bara. Wa ya tambaye ta? Har muka dawo gaɓa, da mun haɗa ido sai ta ɗaga min yatsu uku tana murmushi.

Biskit ɗin dai da daɗi. Wandon ne har yanzu yake ƙarni.