Malamar kiɗa a Kolon, mai kalangu a gida

'Yar maƙwabcina a nan birnin Kolon na Jamus ta shafe kusan shekara guda tana hana mu barcin rana da fiyano. Da na gaji na tambayi babanta ko mawaƙiya take son zama, sai ya yi dariya ya ce a'a, malamar kiɗa a sakandare. Duk wannan faman na jarrabawar shiga ne kawai.

A Jamus, kyan sakamakon sakandare kaɗai ba ya shigar da kai wannan karatu. Sai ka tsaya gaban malamai ka kaɗa abin kiɗan da ka ƙware a kai, ka taɓa fiyano, ka rera waƙa, sannan a gwada kunnenka: wani ya danna 'yan sautuka, kai kuma ka rubuta su a takarda ba ka ga yatsunsa ba. In ka tsallake, a jihar da nake sai digirin farko shekara 3, na biyu shekara 2, galibi haɗe da wani fanni kamar lissafi ko tarihi. Daga nan sai wata 18 na koyon aiki a makaranta, abin da suke kira Referendariat, ana biyan ka, ana kuma zuwa a zauna a bayan aji a ga kamun ludayinka. Shekara shida da rabi ke nan.

Tsarin ba ya rasa aibu. Yaron da iyayensa ba su da halin ɗaukar masa malamin fiyano tun yana ƙarami da wuya ya kai labari, ga makarantu suna ta kukan ƙarancin malaman kiɗa.

Ni kuwa har na gama sakandare a gida ban taɓa sa malamin kiɗa a ido ba. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, WAEC ma tana da jarrabawarsa, amma a wurinmu kiɗa gadon maroƙa ne, ɗan mutunci ba ya raɓar sa. Sai ga Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988! Sassan Hausa na jami'o'inmu cike suke da kundayen bincike kan waƙar baka, amma baitocin muke nazari. Hammatar da ke matse tsarkiyar kalangu har ya yi magana, ita ba wanda ya tanadar mata aji.

A ganina ma, horon kunne na gidan makaɗi ya fi na nan tsanani. Yaro zai yi shekaru yana ɗaukar ganguna, yana amshi, ba takarda ba alli, amma daga nesa in aka kauce a taken sarki ya ji. Sai dai ranar da maigida ya kwanta dama, 'ya'yansa kuma suka kama acaba ko suka shige situdiyo, gangunan kotso da taushi sun bi shi.

Shi ya sa ban ce a kwaso mana fiyano ba. Ɗalibin NCE, cikin shekara ukunsa, a tura shi zango ɗaya gidan makaɗin fada, a biya makaɗin yadda ake biyan lakcara, shi ne kuma zai ba da maki. Na san za a ce malaman addini ba za su lamunta ba. Wataƙila. Amma kakaki da algaita a bayan sarki ake busa su ranar sallah, da zarar an sauko daga idi.