Fim ɗin awa biyu a cikin minti goma

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da shi.

Makon jiya muka yi musu da wani abokina a kan wani sabon fim. Ya dage cewa ƙarshensa shirme ne, wai jarumar ba ta da dalilin barin gidan. Mun kai rabin awa muna ja-in-ja kafin ya faɗi gaskiya: bai kalli fim ɗin ba. Bidiyon minti goma ya gani, irin wanda ake yayyanka fim, wata murya tana zayyano labarin a gurguje. Da wannan ya yanke hukunci, har ya rubuta dogon sharhi, mutane suna ta yaɗawa.

Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Dalilin da yake nema yana nan a cikin fim ɗin, a wani wuri da matar ta zauna a bakin taga ba ta ce uffan ba, fuskarta kawai kake kallo tana sauyawa a hankali. Mai taƙaitawa ya yanke wurin, tunda babu maganar da zai maimaita. Ya kawo labarin, ya zubar da abin da ya sa labarin yake taɓa zuciya.

Ban ɗora wa masu kallo laifin duka ba. Kamfanonin ma sun taimaka wajen koya mana wannan gaggawa. Ku dubi Marvel, kamfanin fina-finan jarumai masu ƙarfi na ban mamaki. Daga Iron Man na 2008 zuwa Avengers: Endgame na 2019, fina-finai 22 suka jera, kuma mutane sun bi su da zumuɗi, har na ƙarshen ya tara sama da dala biliyan 2.7. Daga nan aka fara zubo shirye-shiryensu masu dogon zango a manhajar kallon fina-finai ta Disney+. Wanda yake son ya gane fim ɗin Doctor Strange na 2022 sosai, sai ya fara kallon shirin WandaVision mai kashi tara. Nishaɗi ya koma kamar aikin gida na makaranta. To ina mai aiki, mai iyali, zai samu wannan lokacin? Dole ya nemi hanyar yanke. Da The Marvels ya fito a 2023, da ƙyar ya wuce dala miliyan 200. Ni a ganina gajiya ce ta nuna kanta.

Netflix kuwa tun 2020 ta sa maɓallin ƙara saurin fim har sau ɗaya da rabi. Ba na kushe maɓallin kansa, domin ƙungiyoyin makafi da na kurame sun yi maraba da damar ƙara gudu ko rage shi, kuma suna da hujja. Damuwata ita ce abin da ke sa lafiyayyen mutum ya danna shi: tsoron kada a riga shi magana, kada wani ya fasa masa ƙarshen labari kafin ya kai. Muna kallo ne don mu samu bakin tsoma baki a intanet.

Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne littattafan labarin zane. Na koma karanta manga, wato labarin zane na Japan, babi ɗaya kowane dare, waya tana can gefe a kife. A nan babu wanda yake ja maka lokaci. Tsakanin wannan zane da na gaba akwai ɗan farin fili, kuma kai ne kake cike shi da tunaninka: an ɗaga hannu a nan, a can mutum yana ƙasa, dukan kuwa a cikin kanka ya faru. Mai zanen yakan ajiye abin mamaki a bayan shafi, sai ka juya ka gani. Wani lokacin nakan tsaya a kan zane guda na yi ta kallon yadda aka ja layin ido ko inuwar ƙofa. Manga ɗin One Piece tun 1997 Eiichiro Oda yake zana shi, ya haura babi dubu, kuma akwai waɗanda suka fara bin sa suna yara, yanzu 'ya'yansu suke karanta wa. Wannan haƙurin yana burge ni matuƙa.

Kuma ban taɓa saka hoton abin da nake karantawa a intanet ba. Ina son ya zama nawa, ba tare da na jira in ga mutum nawa suka yaba ba.

Abokin nan nawa na roƙe shi ya ware awa biyu, ya kashe sanarwar waya, ya kalli fim ɗin daga farko. Na ce idan ya zo wurin tagar nan kada ya tsallake, in ya gama ya kira ni mu ɗora musun daga inda muka tsaya.