Wa zai adana labaran da muke karantawa a waya?

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. An haura shekara tamanin ke nan, amma har gobe mai bincike yana iya neman tsofaffin kwafinta a ɗakunan ajiyar tarihi, ya ga da wace Hausa aka ba kakanninmu labarin Yaƙin Duniya na Biyu. Takardar ta yi ja, gefenta ya tsattsage, amma rubutun yana nan. To, a gwada neman labarin da wani ƙaramin shafin Hausa ya wallafa a intanet shekara bakwai da suka wuce. Sau da yawa shafin ma ya mutu, mai shi ya kasa biyan kuɗin adireshi, komai ya tafi.

Wannan shi ne abin da ya dame ni game da ƙaurar da muka yi daga jarida zuwa waya. Ba na cikin masu cewa a koma takarda, domin babu hanyar komawa. Masana'antun takarda da aka gina a Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, dole sai an shigo da takarda daga waje da dala, kuma kowa ya san inda naira ta faɗa tun 2023. Mai sayar da jarida a PZ ko Kwangila zai gaya maka masu tsayawa su karanta kanun labarai su wuce sun fi masu saye yawa. Magidancin da ke lissafin kuɗin masara ba zai ware na jarida kullum ba, alhali datar da ya saya don gaisawa da 'yan uwa za ta kawo masa labarin.

Kuma a faɗi gaskiya, mai karatun Hausa bai taɓa samun wadata irin ta yau ba. BBC Hausa, DW, RFI, Aminiya, Premium Times Hausa, duk suna cikin aljihu. Matar da ke cikin gida a Tudun Wada, wadda a da sai maigida ya shigo da jarida in ya ga dama, yanzu ita ke fara sanin abin da ya faru. Tsohon da bai yi boko ba yana sauraron rahoto da murya. Wannan alheri ne babba, ina murna da shi.

Sai dai jarida ba labari kaɗai take kawowa ba, shaida ce. Idan gwamna ya yi alkawarin gyara hanya aka buga, an buga ke nan, kwafi dubbai sun watsu, babu mai iya bin su gida-gida ya goge. Idan edita ya yi kuskure, sai ya fito a bugu na gaba ya gyara da sunansa, kowa ya gani. A intanet kuwa ana iya canza jimla da tsakar dare, ko a cire labarin ɗungurungum bayan wani babba ya buga waya, mai karatu bai sani ba. Ga kuma ɗimbin labaran unguwanninmu da ba sa zuwa ko'ina sai Facebook da WhatsApp: rikicin fili, gobara a kasuwa, rasuwar malami, naɗin sarauta. Ranar da kamfanin ya rufe shafin mutum, ko wayarsa ta faɗa ruwa, tarihin unguwa guda ya salwanta. Ɗalibin da zai rubuta tarihin Zazzau nan da shekara hamsin zai iya samun abin da ya faru a 1955 cikin sauƙi fiye da na 2020, kuma wannan abin kunya ne gare mu.

Tun 1970 dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta wajabta wa masu ɗab'i su kai kwafin abin da suka buga domin ajiya. An yi dokar ne lokacin da ɗab'i yake nufin tawada da takarda. Ya kamata 'yan majalisarmu su sa a fayyace ta yadda za ta haɗa da kafafen labarai na intanet, a kuma ba ɗakin karatun kuɗi da kayan aikin da zai riƙa kwafe su.

Amma ba sai mun jira Abuja ba. Zariya, garin da aka kafa kamfanin ɗab'i na Gaskiya a 1945, garin tsohuwar hukumar adabin Arewa ta NORLA da kamfanin buga littattafai na NNPC, shi ya fi cancanta ya ɗauki wannan nauyi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, tana da sashen koyar da aikin jarida da na harsunan Afirka, tana da masana kwamfuta da ɗalibai masu neman aikin bincike kowace shekara. Su haɗa kai su buɗe taskar labaran Hausa: a riƙa kwafe abin da shafuka suka wallafa kullum tare da kwanan wata, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, a kuma ɗauki hoton tsofaffin jaridu shafi-shafi kafin gara da danshi su gama da su. Masu kafafen labarai kuma su amince a kwafe aikinsu, in sun gyara labari su rubuta a ƙasa cewa an gyara. Kuɗin aikin ba zai kai na gina ɗakin taro guda ba, kuma Masarautar Zazzau da attajiranmu na Sabon Gari suna iya ɗaukar nauyin shekarar farko.