Daga ƙirga ɗigo zuwa maɓalli a hannun majinyaci

Lokacin da nake koyon aikin jinya a gida, abin da aka fara cusa mana a kai game da ƙarin ruwa shi ne lissafin ɗigo. Ki rataye leda, ki duba agogo, ki yi ta murza ɗan gargaren da ke jikin robar har ɗigon ya daidaita. Ɗigo 20 mililita ɗaya ke nan, don haka idan likita ya ce lita guda ta shiga cikin awa 8, ɗigo 42 kike nema a minti. Kina juya baya majinyaci zai lanƙwasa hannu, ruwa ya tsaya cak. Ya miƙe shi, ruwa ya kwararo.

Yanzu ina aiki a Ingila, a ɗakin da ake farfaɗowa bayan tiyata, kuma a nan da wuya ki ga magani mai ƙarfi yana bin jijiya ba tare da na'urar tura magani ba. Akwai mai matsa robar leda, akwai wadda ake ɗora wa sirinji mai mililita 50 tana tura shi a hankali, ido ba ya ma ganin motsinsa.

A ɗakin tiyata da ita ake sa mutum barci ba tare da ya shaƙi iskar barci ba. Maganin shi ne propofol, fari fat kamar madara, wanda aka fara amfani da shi a Birtaniya a 1986. Saurin aiki gare shi, saurin barin jiki kuma, shi ya sa dole a riƙa tura shi ba yankewa. Daga 1996 aka samu na'urar da likita zai shigar mata da shekarun mutum da nauyinsa, ya faɗa mata yawan maganin da yake so ya tabbata a cikin jini, ita kuma ta riƙa lissafi tana ƙarawa tana ragewa da kanta. Mu da muke karɓar majinyata bayan an gama mun san bambancin: sukan farka garau, amai ya yi sauƙi. Sai dai na'urar ba ta san inda maganin yake zuwa ba. Allurar jijiya za ta iya gocewa, magani ya yi ta taruwa a ƙarƙashin fata, mutum ya farka ana tsakiyar aiki alhali an ba shi maganin da ya hana shi motsi. Wani babban bincike da aka fitar a nan a 2014 ya ja kunne a kan haka, shi ya sa ake so hannun da allurar take ya kasance a fili, a kuma manna wa goshi abin auna zurfin barci.

Amma ba wannan ce ta fi taɓa ni ba. Wadda ta sauya mini tunani ita ce ta kashe raɗaɗi, mai maɓalli a hannun majinyaci. Wani likita a Amurka, Philip Sechzer, shi ya fara gwada dabarar a ƙarshen shekarun 1960. Yadda aka saba saita ta: mutum ya danna, miligiram 1 na mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, ya shiga jijiya, sai ta kulle na minti 5, ko sau goma ya danna ba abin da zai ƙaru. Idan maganin ya fara yi masa yawa gyangyaɗi zai kama shi, maɓallin ya suɓuce daga hannunsa. Barcin nasa ne ke tsare shi.

Ranar da na fara ganinta sai wata mata ta faɗo mini a rai, wadda aka yi wa aikin ciki can ƙasarmu, a daren da ni kaɗai ce nas a ɗaki cike da gadaje. Ta kama bakin rigata tana cewa, "Sista, don Allah ki taimake ni." Na duba takarda, allura sai bayan awa biyu, makullin akwatin magani kuma yana hannun babbarmu. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, lokaci bai yi ba." Ta saki rigar ta juya fuska bango. A lokacin ban ga laifina ba, haka aka koya mana. An koya mana tsoron mofin fiye da tsoron ciwo, mai yawan kuka kuma mu ce raki gare shi. Alhali wanda ciwo ya hana tari majina za ta taru masa a huhu, wanda ya kasa tashi ya taka jini zai iya daskare masa a ƙafa.

To idan abokan karatuna suka ce mini, "Ku kam kun huta, da za mu samu irin na'urorinku," ba na saurin cewa amin. Na'urar ba ta tafiya ita kaɗai. Tana son robarta ta musamman, da batir, da mai duba ta lokaci-lokaci, da naloxone a kusa don karya ƙarfin mofin, sannan uwa uba nas mai sukunin zuwa ta ƙirga numfashi, don mofin idan ya yi yawa yana rage numfashi. Inda babu waɗannan, kawo ta neman rigima ne. Ko a inda akwai su ta yi ɓarna. A Amurka hukumar kula da magunguna ta karɓi rahoton matsala kusan 56,000 a kan irin waɗannan na'urori tsakanin 2005 da 2009. A nan Birtaniya an daɗe ana amfani da wasu ƙanana guda biyu na kamfanin Graseby masu kama da juna, ɗaya ana saita ta a kan awa, ɗaya a kan awa 24. Wanda ya rikita su ya tura maganin kwana guda cikin awa ɗaya. A 2010 aka ba da umarnin a janye irinsu.

Abin da nake so a fara ɗauka bai buƙatar wutar lantarki. A tambayi mutum, daga 0 zuwa 10 ina ciwon yake, a rubuta kamar yadda ake rubuta zafin jiki, a kuma yarda da amsarsa. A ba da farasitamol a kan lokaci, kada a jira sai ya fara ihu. A daina wahalar da nas wajen neman makulli.

Ƙirga ɗigon nan da nake rainawa ma ya bar mini abu guda: kallon mutum kafin kallon na'ura. Wani dare na shiga wurin wani dattijo, lambobi duk lafiya lau, amma minsharinsa bai kwanta mini ba. Na tsaya da agogo, numfashi 7 kacal a minti, ya yi ƙasa sosai. Ɗansa na zaune a gefe da maɓallin a hannu. Ya ce ya ga babansa yana yamutsa fuska cikin barci, shi ne yake danna masa don kada ciwo ya tashe shi. Na karɓi maɓallin, na tsayar da na'urar, na ɗaga haɓar dattijon na ƙara masa oksijin, na ce wa yaron ya danna ƙararrawar da ke bayansa.