Ilimin balaga a Zamfara: a mayar da shi hannun malaman unguwa

A yawancin gidajenmu na Zamfara, yaro ko yarinya kan kai shekarun balaga ba tare da wani babba ya zaunar da su ya yi musu bayanin sauyin da ke faruwa a jikinsu ba. Uwa tana jin nauyin 'yarta, musamman ta fari, uba yana ganin ba huruminsa ba ne, su kuwa gwaggo da kaka da a da suke ɗaukar wannan nauyi, zaman birni da gudun hijira sun raba su da yaran. Wayar hannu da abokan hira ne suka cike gurbin.

Da zarar an ambaci wayar da kan matasa kan wannan batu, wasu iyaye sukan ce ana so a buɗe wa yara ido ne da baƙuwar tarbiyya. Ban raina wannan fargaba ba, amma ina ganin mun manta da abin da ke hannunmu. Duk wanda ya karanta Ahalari a gaban malam ya ji hukuncin haila da janaba da wankan tsarki ƙarara, kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan karatu da bayanin lafiya: yadda ake kamuwa da ƙanjamau da ciwon sanyi, haɗarin zubar da ciki a ɓoye, da yadda doguwar naƙuda ke jefa yarinyar da ƙugunta bai ƙosa ba cikin yoyon fitsari.

Tun 2003 Najeriya take da manhajar ilimin zaman iyali da kariya daga ƙanjamau, sai dai wanda ke cikin aji kaɗai take iskewa. Yarinyar da ke talla a tashar mota a Gusau ko Talata Mafara har bayan isha'i ba ta cikin aji, haka saurayin da ke haƙar zinariya a yankin Anka, nesa da idon iyayensa, da kuɗi a aljihu. Waɗannan ne suka fi fuskantar haɗari, kuma ba za a same su ba sai ta hanyar malamar Islamiyya, da ungozoma, da mai unguwa, da shugabannin 'yan acaɓa. A horar da irin waɗannan mutane tare da ma'aikatan lafiya, mata su zauna da 'yan mata, maza da samari, a sanar da su cewa maganin rage kaifin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati, domin su daina yin gaban kansu a kemis.

Samari ne aka fi sakaci da su. Idan ɓarna ta auku, yarinya ce ke ɗaukar abin kunya, a cire ta daga makaranta, shi kuwa ya ci gaba da zama a majalisa. Dole zaman samari ya taɓo shaye-shaye, domin haramta maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 bai kawar da tiramadol daga unguwanni ba.

Akwai kuma yarinyar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu, wadda wani babba ke yaudara da kuɗin abinci. Ita ta san abin ba daidai ba ne, yunwa ce ta fi ƙarfinta. Ya kamata Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta tallafa wa uwarta da jari, Hisba kuma ta tanadi ma'aikata mata da za su saurari kokenta cikin sirri, a gurfanar da wanda ya cuce ta ko da mai faɗa a ji ne a unguwa.